Ƙasaru a Mafoluku

Ƙanina matuƙin jirgin sama ne. A Zariya ya yi karatu, a kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa tun 1964, kuma shekara shida ke nan yana aiki da wani kamfani wanda jiragensa a Legas suke kwana. Matarsa da 'ya'yansa uku suna nan Kano, gida biyu tsakaninsu da Hajiyarmu. Abin da yake da shi a Legas gado ɗaya ne a wani ɗaki da suka haɗa kuɗi suka kama su huɗu a Mafoluku, dab da filin jirgi, sai akwati a ƙarƙashin gadon. Ya taɓa zama ya yi lissafin kwashe iyali: hayar shekara a dunƙule, kuɗin dillali, kuɗin makarantar yara, ga Hajiya wadda hawan jini ya sa ba ma son kowa ya yi nisa da ita. Lissafin ya ƙi fita. Shi ya sa yake kwana huɗu ko biyar can, biyu ko uku nan, jirgi ya zame masa abin da adaidaita ta zame wa ɗan kasuwar Kwari.

Wani dare bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida ya ce da ni: “Yaya, shekara shida fa ke nan ina ƙasaru a Legas. Anya kuwa? Takardar aikina can ta ce mazaunina yake.”

Abin da na karanta a Risala da Muhtasar a zauren malaminmu shi na faɗa masa. A mazhabar Malikiyya wanda ya nufi tafiyar mil 48, wajen kilomita 80 a lissafin yau, sunna ce gare shi ya mayar da azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu. Kano zuwa Legas ta sama ta haura kilomita 800. Abin da ke yanke ƙasaru shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, ko shiga garinsa, ko garin da matarsa take. Shi kuwa bai taɓa haɗa kwana huɗu a ƙasar Legas ba: da asuba ya tashi zuwa Abuja, ya dawo, ya nufi Fatakwal, ya dawo ya kwanta. Shaihu Halil, mai Muhtasar, har matuƙin jirgin ruwa ya ambata, wanda yake tafe da iyalinsa a cikin jirgin, ya ce shi ma ƙasaru zai yi. Na ce masa sallarsa na nan daram, sai dai in ya bi limamin masallacin unguwar, nan kam ya cika huɗu.

Ya yi shiru. Can ya kawo wata wadda ita ta hana ni barci. Wani zubin aiki kan kawo shi Kano. Ya sauke jirgi a filin Malam Aminu Kano, fasinja su fita, wasu su shiga, cikin minti arba'in ya sake tashi. Filin jirginmu gari ya riga ya kewaye shi. In la'asar ta riske shi a nan, raka'a nawa? Na ce huɗu, don ka shigo garinka. Ya yi murmushi ya ce: “Ashe ina zuwa gida.” Daga inda yake tsaye da kakinsa zuwa ɗakin da ƙaramar 'yarsa take barci bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba, kuma ba zai je ba.

Tun daga ranar nake juya tambayar: ina ne gidan mutum? Kamfani yana duba inda kake sa hannu ka kama aiki. Fiƙihu bai tambayi inda albashi ke fitowa ba, bai tambayi inda ka biya haya ba. Inda matarka take ya tambaya, da inda zuciyarka ta ƙulla niyyar zama. A wannan ma'auni Legas zango ce, irin zangon da fatakenmu suke yi a hanyar Gwanja in za su ɗauko goro. Na yarda da wannan hukunci har zuciyata, don ya faɗi gaskiyar da takardar kamfani ta ɓoye. Mutumin da buroshin haƙorinsa ke cikin jaka shekara shida matafiyi ne, ko me aka rubuta masa.

Amma akwai bambanci tsakaninsa da fatake. Su sukan yi watanni a hanya, su dawo su yi watanni a gida, jiki ya huta, yara su saba da muryar ubansu. Tasa tafiyar an daddatsa ta ƙanana, kowane mako sai ya yi sallama sau biyu. Hajiya takan ce masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, shi kuma ya ce ai bai bari ba. Duka biyun gaskiya suke faɗa.

Sauƙin da Allah ya yi wa matafiyi, wanda aya ta 101 a Suratun Nisa'i ta kawo asalinsa, an yi shi ne don tafiya tana cin jiki. A hadisin da Imam Malik ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta tafiya da cewa wani yanki ce na azaba, kuma cikin abubuwan da ya ce tana hana mutum har da barci. Shari'a tana fara ƙirga wa ƙanina tafiya tun daga lokacin da ya bar gidajen Kano a bayansa. Littafin aiki kuwa sai ya iso ofis a Ikeja yake buɗewa. Tashin ƙarfe huɗu na asuba, zaman jiran ko za a samu kujerar da fasinja bai cike ba, hazon Disamba da Janairu da kan hana jirgi tashi daga Kano har a wuni a fili, awa ɗaya da rabi a sama, duk wannan a lokacin hutunsa aka rubuta shi. Allah ya ga gajiyar har ya rage masa raka'a biyu. Takarda ta ce ya huta.

Ba a nan kaɗai ake wannan ba. A Amurka matuƙa da yawa da aka ajiye a New York ba sa iya hayar birnin, sai su zauna a wasu jihohi, su riƙa kama gado a gidajen haɗaka na unguwar Kew Gardens, tsakanin filayen jirgi biyu. Ranar 12 ga Fabrairu 2009 jirgin kamfanin Colgan da ya taso daga Newark ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Mataimakiyar matuƙin, 'yar shekara 24, kusa da Seattle take zaune, a ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma a jiragen dakon kaya ta kwana tana tahowa daren da ya gabata. Kyaftin ɗin daga Florida yake zuwa. Masu bincike sun ɗora babban dalilin haɗarin kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin lokacin da na'ura ta yi gargaɗin gudunsa ya ragu, sun kuma ce da alama gajiya ta taɓa aikinsu su biyun. A binciken ne aka gano cewa cikin matuƙan kamfanin 137 da ke Newark, 93 daga wasu garuruwa suke zuwa aiki. Dokar da ta fara aiki a 2014 ta wajabta hutun awa goma kafin kama aiki, amma ba ta sa ido kan yadda matuƙi ya iso ba. Shi ne zai sa hannu ya ce lafiyarsa ƙalau, zai iya.

Wannan sa hannun shi ya fi tsaya mini a rai. Ba na'urar da za ta ƙaryata shi. Mutum fiye da ɗari sun zauna a bayansa sun ɗaura bel, wasu sun yi addu'ar hawa abin hawa, ba wanda ya san ko awa nawa ya runtsa jiya. Shi kaɗai ya sani, sai Ubangijinsa. Wannan ita ce amana a ma'anarta ta asali: abin da aka ba ka a inda ba shaida. Don haka na faɗa masa ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Na ce sauƙin da aka yi maka a salla haƙƙin Allah ne, Shi ya yafe. Haƙƙin fasinja kuwa ba wanda ya yafe maka ko ƙwaya. Bai halatta ka karɓi rangwamen mai gajiya a kan darduma da azahar, sannan da la'asar ka sa hannu a matsayin wanda ya huta ba. In za ka tashi jirgi Litinin, to Lahadi da la'asar ka bar Kano, ka kwana a gadonka na Mafoluku.

Na san abin da wannan magana ta ci. Cikin dare uku da yake samu a gida, ɗaya na ɗauke. Matarsa ba ta ce mini uffan ba, mace ce mai kawaici, amma na ga fuskarta ranar da ta kawo wa Hajiya tuwo, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Ita ma tana da haƙƙi a kansa wanda Shari'a ta tabbatar, wancan hadisin kansa ƙarshensa umarni ne ga matafiyi ya gaggauta komawa wajen iyalinsa in ya gama buƙatarsa. Na auna su biyun na ga ɗaya in ya salwanta ana iya ramawa a wani makon, ɗayan kuwa ba ya ramuwa. Kuma ina ganin zalunci ne a bar wannan awo a wuyan ma'aikaci shi kaɗai. Wanda ya zaɓi ya ajiye jiragensa a birnin da ma'aikacinsa ba ya iya kama gida, ya kuma san daga ina suke zuwa, shi ma za a tambaye shi, ko da dokar ƙasa ba ta tambaye shi ba.

Lahadin da ta wuce ni na kai shi filin jirgi. Mun yi la'asar a masallacin unguwa, raka'a huɗu. Ƙaramar ta riƙe hular aikinsa ta ƙi saki har sai da uwarta ta lallashe ta da alkawarin zai kira kafin ta yi barci. A mota bai ce komai ba sai da muka wuce Sabon Gari, sannan ya ce: “Yaya, Alhamis ina da Kano. In ka ga jirgi ya wuce ta saman gida wajen ƙarfe huɗu, ka nuna mata.”