Fuskar Aro da Hukuncin Zane

Ƙirƙiro siffar jarumi ko mugu domin katun, wasan kwamfuta ko littafin yara sana'a ce da ta jingina ƙwarai ga abin rufe fuska. Spider-Man da Black Panther, da fuskar aronsu ake gane su tun ba su yi magana ba. Amma duk malamin da zai koyar da wannan fasaha a Jega, Aliero ko Maiyama, garuruwan masarautar Gwandu inda karatun addini ya daɗe da kafuwa, tambayar da iyaye za su fara yi masa ita ce ko abin ya halatta.

Hadisan Bukhari da Muslim sun yi kashedi mai tsanani ga masu yin surori, cewa ranar alƙiyama za a umarce su su busa rai ga abin da suka siffanta. Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma kan bishiyoyi da sauran marasa rai. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka gada a yankin, sun rarrabe hukuncin: mutum-mutumi mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, haramun ne, zane a takarda ko bango bai wuce karhanci ba, 'yar tsanar yara kuwa an yi mata rangwame, domin Nana A'isha ta yi wasa da irinta a gidan Annabi (SAW). Wasu malaman sun hana zanen duk wani mai rai.

Tashe, wanda yara ke farawa daga goma ga azumi, ya nuna inda darasin zai dosa. A wasan Tsoho da Gemu, yaro kan manna auduga a haɓa, ya sa tsumma, ya ranƙwafa kan sanda, nan take 'yan kallo su ga tsufa su tuna haƙƙin dattijo. A Wagadugu ta Burkina Faso, yara na wasan Dodo cikin azumi da fuskokin dabbobi na ƙwarya, kuma ana danganta asalinsa ga fataken Hausawa. Daga nan ɗalibi zai koyi cewa kaya, tsayuwa da tafiya su ne ke bayyana hali, ko da ba a zana ido da hanci ba.

Iyakar da ba a saɓa a kanta ba ita ce ta bauta: siffar da aka yi domin tsafi ko girmamawa ba ta da gurbi a aji. Abin da ya rage kuwa, wajibi ne malami ya san maganganun malamai a kansa, ya bayyana su ga iyaye da ɗalibai kafin a ɗauki fensir.