Mai Bi Zai Iya Rasa Cetonsa?

Akwai wata tambaya da iyaye sukan kawo wa fasto a asirce bayan an tashi daga sujada, yawanci kuwa a kan ɗa ne ko 'ya. Yaron ya girma a makarantar Lahadi, ya shiga ajin baftisma, ya tsaya gaban jama'a ya shaida Yesu ne Ubangijinsa, har ya yi shekaru a ƙungiyar mawaƙa. Daga baya ya tafi birni neman ilimi ko aiki. Yau shekara biyar ke nan bai taka ƙofar majami'a ba, in an yi masa zancen addu'a sai ya kawar da kai. Uwar tana so ta sani, ceton nan da ya karɓa yana nan, ko kuwa ya zube?

Ba a iya amsa wannan sai an fara sanin irin cutar da aka ceci mutum daga gare ta. Mutane da dama suna ɗaukar zunubi kamar ƙurar da ta sauka a kan riga, a kakkaɓe ta wuce. Littafi Mai Tsarki bai ɗauke shi da sauƙi haka ba. A Markus 7:21-23 Ubangiji ya nuna cewa kisa, zina, kwaɗayi da girman kai daga cikin zuciya suke ɓullowa. Dauda, bayan abin da ya aikata da Batsheba da mijinta Uriya, bai ɗora laifin a kan yammacin da ya hau rufin fada ba. A Zabura 51 ya bi sawun abin har zuwa ranar da aka ɗauki cikinsa. Kowace uwa shaida ce: ba a koya wa yaro ƙarya ko rowa, gaskiya da kyauta su ne ake shan wahalar koya masa.

A farkon ƙarni na biyar wani malami daga Birtaniya mai suna Felagiyus ya koyar da cewa ana haifar mutum da tsabta, kuma da ƙoƙarin kansa zai iya kiyaye dokokin Allah. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya tsaya masa da Romawa 5:12, yana cewa faɗuwar Adamu ta shafi zuriyarsa duka, har nufin mutum ma ya karkace. Taron ikilisiya a Kartaj ya ƙi koyarwar Felagiyus a shekara ta 418. Muhimmancin wannan ga tambayar uwar nan a fili yake. In mutum bai iya jawo kansa daga rami ba, da wuya a ce ƙarfinsa ne zai hana shi komawa ciki.

A nan ne alkawaran Allah suke da daɗin ji. A Yahaya 10:28-29 Makiyayi ya tabbatar babu mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa ko daga hannun Uba. Manzo Bulus ya gaya wa Filibiyawa cewa wanda ya soma aikin kirki a cikinsu shi ne zai kammala shi. Amma Littafin nan ɗaya ne yake ɗauke da Ibraniyawa 6:4-6, inda aka yi maganar waɗanda aka haskaka, suka ɗanɗana baiwar sama, sa'an nan suka fanɗare. Bitrus kuma ya kwatanta irinsu da alade da aka wanke ya koma birgima cikin taɓo. Mai wa'azin da yake karanta kashi ɗaya kullum yana ɓoye ɗayan bai yi wa garkensa adalci ba.

Manyan bayin Allah sun rabu a kan wannan. Almajiran Yakubu Arminiyus a ƙasar Holan sun rubuta a 1610 cewa batun yana bukatar ƙarin bincike, taron Dort na 1618 zuwa 1619 kuwa ya yanke cewa Allah yana kiyaye zaɓaɓɓunsa har ƙarshe. John Wesley ya koyar da cewa mai bi na iya faɗuwa ya hallaka, abokinsa George Whitefield bai yarda ba. Duk da haka Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi bayan rasuwarsa a 1770, abin da ya kamata masu zafin gardama a dandalin majami'a su riƙa tunawa.

Labarin jirgin ruwa a Ayyukan Manzanni 27 yana taimakawa ƙwarai. Mutum 276 ne a cikin jirgin, hadari ya yi kwanaki yana jifa da su. Allah ya aiko mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba ran da zai salwanta. Amma da matuƙan suka nemi sulalewa a ƙaramin kwalekwale, Bulus ɗin nan ya gargaɗi jarumin soja cewa in mutanen nan suka fita, sauran ba za su tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin, kowa ya kai gaɓar Malta da rai. Alkawarin gaskiya ne, gargaɗin ma gaskiya ne, ta wurin gargaɗin ne kuma Allah ya cika alkawarin. Haka wanda aka maya haihuwarsa yake: in ya ji kashedin Ibraniyawa, tsoron Allah yakan kama shi ya manne wa Almasihu. Wanda yake cewa ai an riga an cece shi, don haka zai yi ta shaye-shaye da neman matan mutane hankali kwance, kwanciyar hankalin nan ita ce alama mafi ban tsoro a kansa. Wasiƙar Yahaya ta fari 2:19 ta ce fitar waɗansu ita ta nuna tun asali ba na cikin garken ba ne.

Sai dai wa ya isa ya faɗi wane ne wane tun ana raye? A dare guda Yahuza ya ba da Ubangiji, Bitrus kuma ya yi musunsa sau uku har da rantsuwa. Wanda ya gan su da asuba ba zai iya bambanta su ba, dukansu suna cikin baƙin ciki. Yahuza ya kai nadamarsa wurin manyan firistoci, ya ƙare a igiya. Bitrus kuwa, wanda Yesu ya riga ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare (Luka 22:32), ya faɗa ruwa don ɗokin isa wurinsa a bakin tekun Galili.

Ikilisiyar farko ta sha wannan gwaji. A shekara ta 250 sarki Desiyus na Roma ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa suka miƙa, waɗansu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka, Nobatiyan a Roma ya ce a rufe musu ƙofa har abada. Sifiriyan, bishop na Kartaj, tare da taron da ya kira a 251, ya ce a karɓe su bayan tuba da horo. Hanyarsa ce ikilisiya ta bi, shi kansa kuma aka fille masa kai saboda sunan Almasihu a 258, don haka ba wanda zai ce sakaci ne ya sa shi sassauci.

Saboda haka fasto mai hikima ba zai ce wa uwar nan ta kwantar da hankalinta domin akwai katin baftisma a akwati ba, kati bai taɓa ceton kowa ba. Ba zai kuma ce mata ɗanta ya hallaka ba, gama ba a ba shi littafin rai ya duba ba. Zai tambaye ta yaushe rabon wani dattijon ikilisiya ya kira yaron a waya, ya kuma rubuta sunansa cikin waɗanda za a riƙa ambata a taron addu'a na ranar Laraba.