Kifin Kogi, Na Wane Ne?

Akwai wata gardama da takan tashi tsakaninmu a nan Unguwar Sarki, ba mu kuwa ga ta yi ƙanƙanta da shiga wannan jarida ba. Waɗansu samarinmu da ma'aikata sukan ɗauki fatsa ran Asabar su gangara Kogin Kaduna ta wajen Malali ko Unguwar Rimi, ba domin yunwa ba, sai domin hutawa. Kukansu ɗaya ne: kifi ya ragu. Dattawa suna ba da labarin giwan ruwa, su kuwa sai 'yan karfasa. Waɗansu sun ce a sa wa kowa lasin, a zuba masu tsaro. Waɗansu kuma sun ce ruwa na Allah ne, ba wanda ya shuka kifi, don me za a biya?

Lalle ruwa na Allah ne. Amma abin da ke na Allah yana da Mai shi ke nan, ba tsintuwa ba ne. Cikin Kubawar Shari'a sura 22 an hana Isra'ila ɗauke tsuntsuwa tare da 'ya'yanta daga sheƙa, gama wanda ya kama uwa ya cinye rabon baɗi. Kabawa ma sun san wannan. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, ba a faɗa wa ruwan Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa ake fid da kifin da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

Gwamnati kuma tana da tata. Doka mai lamba 108 ta 1992 ta hana su da guba, ko nakiya, ko lantarki. Ta hana koma wadda idonta bai kai milimita 76 ba, sai 'yan nau'o'in komar da ta keɓe, ta kuma ce jirgin su mai inji sai da lasin. A Ingila har mai fatsa yana yankan lasin. Ba mu ga laifin wannan ba.

Ga inda maganar ta yi nauyi. Mai fatsa yakan wuni ya kama biyar. Mai gamalin ya zo da asuba ya zuba kwalba ɗaya, ya kashe uwa da 'ya'ya da ƙwai, ya kai kasuwa mu saya wa yaranmu. Tun 1957 da aka buɗe masaƙa ta fari a Kakuri, ruwan rini ya yi shekaru yana kwarara cikin kogin nan. Yawancin masaƙun sun rufe, amma lambatun gari da leda ba su fasa ba. Idan lasin ya sauka a kan mai fatsa kaɗai, an saƙa koma ke nan mai kama ƙanana ta bar giwan ruwa ya wuce. In kuma mai tsaro zai karɓi na goro ya kau da kai, to, an mai da doka kanti. Wannan ya shafe mu, gama muna da masu bi cikin 'yan sanda da ma'aikatun gwamnati. Yohanna Mai Baftisma bai ce wa masu karɓar haraji su bar aiki ba. Abin da ya hana su, cikin Luka sura 3, shi ne karɓar fiye da abin da aka yanka.

To, idan aka sa lasin, mu biya? Mu dai mun ce a biya. Cikin Matta sura 17 Ubangiji ya nuna wa Bitrus cewa 'ya'yan sarki ba sa biyan haraji, duk da haka ya aike shi teku domin kada su zama abin tuntuɓe. Ku lura, ƙugiya ya ce ya jefa, ba taru ba, kifi ɗaya kuwa ya biya wa mutum biyu. Amma a biya a ofis a karɓi rasit, kada a danƙa wa wani a bakin kogi.

Saura mai gamalin, in ya zama ɗan ekklesiya ne. Waɗansu dattawa sun ce kai shi gaban hukuma tonon asirin gida ne. Mu mun ce a bi Matta sura 18: a same shi shi kaɗai, sa'an nan da shaidu, sa'an nan gaban ekklesiya. In ya ƙi, mutanen da ke shan ruwan nan daga nan har Wushishi su ma maƙwabtanmu ne, sai a kai ƙararsa.