Haƙƙin Gawa Da Haƙƙin Mai Rai A Bakin Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa yin damina a ƙasar Haɗejiya ya san irin taron da nake so in yi magana a kansa yau. Kogi ya kawo, ruwa ya shafe fadamu tun daga Auyo har Kafin Hausa, sai a ji kururuwa, a ce jirgin fito ya kife, ko kuwa wani yaro ya tafi wanka bai fito ba. Nan da nan bakin ruwa ya cika maƙil. A aika a kira Sarkin Ruwa da yaransa. Su nutsa su fito, su nutsa su fito, har rana ta yi ja. To, a daidai wannan lokaci ne wani daga cikin dangin mamaci kan ɗaga murya ya ce, "Ashe haka za ku bar mana shi? Ina sunan naku?" Sai saurayi ya ji kunya, ya ja numfashi ya sake nutsawa, alhali kuwa gaɓoɓinsa sun riga sun mutu, ga duhu ya soma. Abin tambaya shi ne, wannan nutso na ƙarshe, Shari'a ce ta ɗora masa, ko kuwa mu ne?

Kafin in amsa, bari in kai mai karatu wata ƙasa mai nisa. A Afirka ta Kudu akwai wani kogon ruwa da ake kira Boesmansgat. Bakinsa ƙarami ne kamar kududdufi, amma can ciki ya buɗe, ya yi zurfin da ya wuce hankali. Akwai Turawa masu sha'awar nutso cikin irin waɗannan koguna, suna goye da tulunan iska. A watan Disamba na 1994 wani saurayi mai shekara 20, Deon Dreyer, ya nutsa cikinsa bai fito ba. Shekara 10 iyayensa ba su da kabarin da za su ziyarta. Sai a watan Oktoba na 2004 wani gwanin nutso mutumin Ostireliya, matuƙin jirgin sama, mai suna Dave Shaw, ya ci karo da gawar a zurfin mita 270, watau kusan gaba 150. Ka kwatanta wannan da rijiyar garinku. Da ya fito ya yi wa iyayen alkawari zai komo ya ɗauko musu ɗansu.

Ya yi shiri na watanni, ya tara gwanaye da likita da kayan aiki. Ran 8 ga Janairu, 2005, ya sauka. Ya isa wurin gawar, amma da ya taɓa ta sai ta taso tana yawo, igiya ta harɗe da fitilarsa. A irin wannan zurfi numfashi kansa aiki ne. Yana kokawa da igiyar gurɓatacciyar iska ta taru a jikinsa, ya suma, ya mutu a gefen wanda ya je ɗaukowa. Abokinsa Don Shirley da ya bi sawunsa da ƙyar ya sha, ya fito da lahani. Bayan 'yan kwanaki, sa'ad da ake janye igiyoyi za a tashi, sai ga gawawwakin biyu sun taso tare. Iyayen saurayin sun sami abin binnewa, matar Shaw kuwa ta zama gwauruwa.

Ba na raina zuciyar wannan mutum, domin cika alkawari da tausayin iyaye halaye ne da Musulunci ya yaba. Amma Shari'a tana da ma'auni. Wanke mamaci da yi masa sutura da yi masa salla da binne shi farilla ce ta kifaya a kan jama'a, in wasu sun yi ta sauka daga kan saura. Sai dai kowace farilla an rataya ta a kan iko. Allah Maɗaukaki ya faɗa a ƙarshen Suratul Baƙara cewa ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, a aya ta 195 ta wannan sura kuma ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Mutum ma da yake da rai an yarje masa taimama idan ruwan alwala zai cuce shi, balle a ce a sayar da rai sukutum saboda jikin da rai ya riga ya bari.

Kada a ɗauka malamanmu na da ba su san wannan mas'ala ba. Shehu Ibn Ƙudama, malamin Hambaliyya wanda ya rasu a shekara ta 620 bayan Hijira, ya yi bayani cikin littafinsa Al-Mugni game da wanda ya mutu a rijiya mai mugun tururi. Ya nuna a fara magance rijiyar da jiƙaƙƙun tufafi, a riƙa juya su a ciki har su janye tururin. In ana shakka, a zura fitila: idan ta mutu tururin yana nan, kada kowa ya shiga. In ƙugiya za ta fito da gawar ba tare da an daddatsa ta ba, a yi haka. Idan kuwa duk ya faskara, jama'a kuma ba su da bukatar rijiyar, sai a cike ta da ƙasa ta zama kabarinsa. Ku dubi wannan tsari, jama'a. Shekaru 800 da suka wuce malami yana cewa a gwada da fitila, mu kuwa har yanzu guga kan faɗa tsohuwar rijiya, yaro ya shiga bai fito ba, wansa ya bi shi, uban ya bi su, a wayi gari ana jana'izar mutum uku a gida ɗaya. Rijiya ita ce kogon ƙasarmu.

Kogin ma ba irin wanda kakanninmu suka sani ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Haɗejiya ta sauya, ciyawar kacala ta sami wurin zama ta toshe hanyoyi da yawa. Mai nutso da ya shiga ƙarƙashin kacala, ko tsohuwar koma ta kama ƙafarsa, ba shi da bambanci da Baturen da igiya ta harɗe a kogo, sai ma dai shi ba shi da tulun iska ko fitila. A shekarar ambaliya kuwa, kamar 2022 da ruwa ya yi wa Kafin Hausa da Bulangu ɓarna, ruwan kan bi inda bai saba bi ba, har gwani ya rasa gane gurbin da ya sani tun yana yaro.

Amma fa a rarrabe. Idan ana sa ran mutum yana da rai, hukunci ya sauya, ceto ya zama wajibi a kan duk wanda ya iya, ko da salla yake yi sai ya yanke ta. Suratul Ma'ida, aya ta 32, ta daidaita raya rai guda da raya mutane duka. A 2018 yara 12 'yan ƙwallo da mai koyar da su suka maƙale a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan da ruwa ya rufe. Wani tsohon sojan ruwa, Saman Kunan, ya mutu a hanyar kai tulunan iska, amma aka fito da mutum 13 ɗin nan da ransu. Kasadar da aka yi don mai numfashi daban take da wadda aka yi don gawa. Wanda bai iya ruwa ba kuwa, nasa shi ne ya jefa gora ko igiya ko ya miƙa sanda, ya yi kururuwa, domin mai nutsewa ba ya sakin abin da ya kama.

Na san abin da ke ci wa dangi rai, kuma ba na zarginsu. Uwa tana so ta san inda ɗanta yake kwance. Sai mu tuna mata cewa ya tabbata cikin Buhari da Muslim, daga Abu Huraira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin shahidai. Ya kuma ba da labarin mutumin da ya sa aka ƙone gawarsa aka watsa tokar, rabi a tudu rabi a teku, Allah ya umarci tudu da teku suka tattaro shi. Gulbi ba ya ɓoye wa Allah kowa. A bisa al'ada ma, a ruwanmu mai ɗumi gawa kan taso da kanta bayan kwana biyu ko uku. Abin da ya fi shi ne a aika wa garuruwan da ke gangare, a sa masu jirage su yi sintiri da rana, a sanar da hukuma. In Sarkin Ruwa ya ce a dakata sai da safe, to, a dakata, maganarsa a nan kamar ta likita ce a kan majinyaci. In an same ta, sai a wanke ta a yi mata salla kamar kowace gawa, domin shahidin ruwa shahidin Lahira ne. In jikin ba zai jure cuɗawa ba a kwarara masa ruwa kawai. Sallar ga'ibi kuwa, mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne ba a yi, addu'a da sadaka suna isa gare shi duk inda yake.

Saura batun matar aure da gado, wanda shi ne sau da yawa kan sa a matsa sai an ga gawa. Gaskiya ne matar wanda ya ɓace ba a san labarinsa ba tana jiran shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sa'an nan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10. Amma wanda adalai suka ga nutsewarsa da idonsu, sai a kai shaidarsu gaban alƙali, in ta gamsar da shi ya tabbatar da mutuwa, mace ta shiga takaba, a raba gado. Saboda haka Mai Unguwa da Liman su rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu tun a ranar, kafin 'yan ci-rani da fatake su watse.