Motarka Ce, Amma Ran Wa Ka Ɗauko?

Mai karatu, ɗauka kana zaune a Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, kana da tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975. Da ita kake jigilar mutane zuwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Kwatsam inji ya fara shan baƙin mai, yana hayaƙi. Ka je wajen bakanike a Gumel, ya yanka maka kuɗin da ya sa ka yi tsit. Sai zuciya ta ce maka, "Ba motarka ba ce? Sauke injin a ƙofar gida mana!"

To, laifi ne? A ganina dogaro da kai abin yabo ne, kuma sauke inji ba tsafi ba ne. Za ka fara cire batir, ka tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto, ka zare wayoyi da bututun mai, ka kwance salansa, sannan kusoshin da suka haɗa inji da giyabos da waɗanda suka riƙe shi a mazauninsa. Daga nan sai ɗagawa da sarƙa. Nan fa ake yin ta, domin inji ya fi buhun gero nauyi, kuma ba kowane reshen dalbejiya ne zai ɗauke shi ba.

Amma ka san Allah, saukewa ce mai sauƙi. Mayarwa ita ce jarrabawar. Kusa ɗaya da ba ta ɗauru ba, ko bututun fetur da aka bari yana ɗiga kusa da salansa mai zafi, ba lallai su nuna kansu a ƙofar gidanka ba. Sai an cika mota, an hau titi. Tsohuwar da ta biya kuɗin mota da yaron da ke kan cinyarta ba su san kai ka ɗaura injin ba, ba ka kuma nemi shawararsu ba. Kai ka rage kashe kuɗi, su suka ɗauki kasadar.

Nan ne iyakar "ai kayana ne". Rediyonka in ka ɓata, kai kaɗai ka yi asara. Motar haya kuwa amana ce, ko da sunanka ne a takardunta.

Ban ce ka naɗe hannu ba. Yi abin da ka iya: wanke inji, kwance na kwancewa, ka je Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo kayan gyara da kanka. Amma ranar mayarwa, kira wanda ya yi shekaru a gareji ya tsaya a kanka, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙunƙuni ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma cewa "ban iya nan ba" ba ya rage wa namiji komai.

Kafin ka ɗauki sifana, tambayi kanka: in an gama, zan yarda mahaifiyata ta zauna a gidan gaba har Maigatari? In ka ji ɗar, to ajiye sifanar. Allah Ya kiyaye hanya.