Wanda Ya Faɗi A Fili, Abokin Gaba Ne Ko Maƙwabci?

Yaran Hanoukopé, cikin birnin Lome, ƙwallon ƙafa suka sani. Da yamma sukan jera duwatsu su yi raga. In ɗan wata ƙungiya ya faɗi, sau da yawa sai a yi masa dariya, a wuce da ƙwallo. Wannan ya kawo tambaya: ko ya wajaba ɗan wasa ya taimaki abokin hamayyarsa, in taimakon zai jawo masa hasara?

Akwai wani wasa da ake kira sofbol, wanda aka fara a Shikago ta Amurka a 1887. Ana dukan ƙwallo da sanda, mai dukan ya zaga tasha huɗu yana taɓa kowace, sa'an nan a ba shi maki.

A watan Afrilu na 2008, 'yan matan jami'o'i biyu na Amurka suka kara. Sara Tucholsky ta Western Oregon ta doki ƙwallo har ya tsallake shinge, abin da ba ta taɓa yi ba. Amma a tasha ta fari jijiyar gwiwarta ta tsinke, ta faɗi. Alƙalan wasa suka ce in 'yan ƙungiyarta suka taɓa ta, makinta ya tafi. Sai Mallory Holtman ta Central Washington ta tambaya ko abokan hamayya suna iya ɗaukarta. Aka ce ba a hana ba. Ita da Liz Wallace suka ɗauke ta, suna sauke ƙafarta a kowace tasha. Ƙungiyarsu ta sha kashi da 4 da 2.

Wani zai ce sun ci amanar ƙungiyarsu, gama 'yan'uwansu ma sun yi zufa. Maganar tana da nauyi. Amma Sara ta riga ta ci makin da ƙarfinta. Ciwo ne kaɗai ya tsaya mata. Wanda ya karɓi riba daga ciwon wani, bai fi shi iya wasa ba.

A Luka sura 10, Basamariye ya ɗauki mutumin da ba danginsa ba ne, ya kuwa biya kuɗin jinyarsa. Yaron da ya koyi tsayawa ya ɗaga wanda ya faɗi a filin Hanoukopé, zai yi haka a kasuwa da gida sa'ad da ya girma.