Haƙƙin Ɗan Ƙwadago Da Amanar Mai Ilmi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya neman halal ya zama ibada, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta daɗe da shahara wajen noman dawa da masara da auduga, kuma ta daɗe tana jawo hankalin masana masu binciken yadda jama'a ke tsara aikinsu. Abin da binciken nan ya gano yana ɗauke da wa'azi ga manomi mai ɗaukar ma'aikata, da kuma ɗan boko mai zaman ofis.

Daga shekarar 1977 zuwa 1979 wani masani mai suna Paul Clough ya zauna a Marmara, cikin ƙasar Malumfashi, yana duban yadda ake noma da fatauci da bashi, daga baya ya buga littafinsa a shekarar 2014. Ya tarar aikin gona yana tafiya ta hanyoyi sanannu. Akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare, shi kuwa ya ɗauki nauyin ci da aure, ya bar wa kowane ɗa gayaunarsa. Akwai ƙwadago da jinga, inda ake biyan lada. Akwai kuma barantaka tsakanin ubangida da yaronsa. Babban abin da ya lura shi ne, mai arziki a karkara ba ya tara dukiya don kansa kaɗai: tana tafiya wajen iyali da aurar da 'ya'ya da tallafar barori, kuma jama'ar da mutum ya riƙe ita ce ma'aunin girmansa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin ya bayyana cewa ijara, watau ɗaukar mutum aiki, tana halatta idan an yanka lokaci an kuma ambaci lada. Saboda haka manomin da zai ce wa ɗan ƙwadago ya fara aiki tukuna a daidaita daga baya, ya buɗe ƙofar husuma da shari'a ta rufe. Ibn Majah ya ruwaito umurnin a biya ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. Buhari kuwa ya ruwaito cewa mutum uku ne Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya gama masa aiki, ya hana shi lada. To, ina mai hankalin da zai so ya tsaya shari'a da Mahaliccinsa a kan kuɗin noman kwana ɗaya?

Lalle ne a lura cewa mai yin ƙwadago da damina galibi shi ma manomi ne wanda rumbunsa ya ƙare. Ya bar tasa gonar cikin ciyawa domin ya samo abin da iyali za su ci a daren. In an ja masa rai kwana uku, an cuce shi sau biyu: an hana shi abinci, an kuma hana shi komawa gonarsa a kan kari. Shi ma ɗan ƙwadago yana da nasa nauyin. Wanda ya karɓi jinga ya rufe ciyawa da ƙasa maimakon ya cire ta, ya ci haram. Suratul Ƙasas, a ƙissar Annabi Musa a Madyana, ta nuna siffa biyu na ma'aikacin kirki, ƙarfi da amana, kuma ɗaya ba ta isa in babu ɗayar.

Waɗannan siffofi biyu su ne ake nema ga wanda ya yi ilmi mai zurfi, domin shi ma ɗan ƙwadago ne, sai dai jama'a ce ta ɗauke shi. Ƙarfinsa shi ne sanin aikinsa, amanarsa kuwa ita ce ya ba kowa haƙƙinsa. A nan ma tarihin wannan ƙasa yana da abin koyarwa.

A wajen shekarun 1966 da 1967 David Norman, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi manoman wasu ƙauyuka na ƙasar Zariya yana ƙididdige aikinsu. A lokacin malaman gona da yawa suna ganin shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Bincike ya nuna akasin haka: wannan dabara tana rage hasara in ruwa ya yi gardama, tana kuma ba da amfani mai kyau gwargwadon wahalar da aka sha. Ashe manomi yana da hujja, ba a dai tambaye shi ba ne. Mai digiri da ya raina wanda bai shiga aji ba ya faɗa cikin girman kai, wanda hadisin Muslim ya fassara da ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane.

Sai kuma shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a shekarar 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara, noman masara ya bunƙasa ƙwarai. Amma masu nazari da dama sun lura cewa manyan manoma sun fi ƙanana samun kulawar ma'aikata da kayan aiki. Darasin a fili yake: duk kyan tsari a takarda, a hannun mai rabo yake ƙarewa. Akawun da ya ɓoye taki ya ba mai gata, ko malamin gona da ba ya taka gonar talaka, ko malamin asibiti da ke barin majinyata a layi ya tafi harkarsa, duk sun shiga ƙarƙashin gargaɗin Suratul Muɗaffifina, domin sun karɓi albashi da cikakken mudu, sun auna wa jama'a aiki da tauyayye.

Magabatan wannan ƙasa ba su raba ilmi da sana'a ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen neman abinci, yana kwaɗaitar da jama'a ga aiki, yana hana su zaman banza. Hadisi ya tabbata cewa Annabi Dawuda, duk da mulkinsa, daga aikin hannunsa yake ci. Saboda haka ɗan manomi da ya gama jami'a bai kamata ya ji kunyar fartanya ba, balle ya manta cewa da kuɗin auduga da masara aka biya masa makaranta.

Abin da ake nema kaɗan ne, amma mai nauyi. Mai gona ya yanka lada tun da safe, ya biya kafin magariba. Uba ya cika alkawarin gandu, kada ya ci gumin 'ya'yansa ya bar su ba aure ba jari. Ma'aikaci ya zo a kan lokaci, ya saurari talaka kamar yadda yake sauraren mai kuɗi. Mai bincike kuma ya rubuta abin da ya gani, ya mayar wa mutanen da suka ba shi labari amfanin abin da ya gano. Kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya sanya albarka a cikin neman bayinSa, Ya tsare su daga cin haƙƙin juna, Ya ba ƙasa damina mai albarka da zaman lafiya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.